Kwamfutar da Nafiou Ya Bari

Salamatou ta sake danna maɓallin, ta riƙe shi da babban yatsa kamar mai jiran a amsa mata sallama. Kwamfutar ta yi ɗan gurnani daga ƙarƙashin tebur, ta yi tit-tit-tit, sannan ta yi tsit. Allon yana nan baƙi ƙirin, ba abin da ke cikinsa sai fuskarta da ta faɗa.

"Ki bar ta haka nan, Maman Ramlat," in ji Bernard daga bakin ƙofa. "Dannawa ba ta tayar da ita."

Bernard mutumin Kafanchan ne, yana gyaran kwamfuta a wani shago da ke ƙasan benen, nan unguwar Al Khabaisi a Dubai. Lokacin cin abincinsa ya sadaukar ya hau. Ya tsallake kwalayen da suka cika ofishin, ya ga 'yarta Ramlat tana barci a kan wani ƙunshin atamfa, sai ya sassauta murya.

"Yaushe ta mutu?"

"Da safe. Mai gidan ya turo a duba wuta saboda sabon mai haya, suka kashe komai. Ban ma sani ba, wallahi. Nafiou ya sha faɗa, kar a kashe ordinateur ɗin nan, in ta kwanta ba ta son tashi."

Nafiou mijinta ne, kuma ofishin nan na kago, mai tura kaya zuwa Maraɗi, nasa ne. Rana tsaka ya yanke jiki ya faɗi a wani sito a Ras Al Khor ana lodin kayan mota, wayarsa ta sulale daga aljihu, motar ɗaga kaya ta bi ta kanta. Shi ke nan, mutum da waya suka tafi rana guda. Bizar Salamatou da tasa take rataye, an yi mata iya haƙurin da ake yi. Gobe da hantsi jirginsu zai tashi.

"Me kike so a ciki?" Bernard ya tambaya yana durƙusawa. "Takardun kago?"

"Kago ya ƙare, Malam Bernard. Hotonshi nake so."

Abin dariya ne in ba a kanka ya faɗo ba. Mutumin da ya shekara yana ɗaukar hoton kwantena da tayoyi yana tura wa masu kaya, shi ba ya yarda a ɗauke shi. Da ta ɗaga waya sai ya kare fuska da tafin hannu, ya ce shi ba amarya ba ne. Ko a ɗaurin aurensu wakili ne ya tsaya masa, yana nan Dubai yana fama da lodi. Abin da ya rage mata shi ne hoton katin zama, inda ya haɗe rai kamar an kama shi da laifi. Kwanan baya ta nuna wa Ramlat, yarinyar ta ce wannan ɗan sanda ne. Tun ranar barcin Salamatou bai ƙara yin nauyi ba.

Amma duk sanda wayarsa ta cika, a kwamfutar nan yake juye komai. "Duk muna ciki," haka yake cewa. Ta san da hakan tun tana takaba. Bayan ta fita, kullum tana zuwa ta zauna gaban allon, ta kai hannu, zuciyarta ta karye, ta ce sai gobe. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ga Salamatou da gorarta a hannu.

Bernard ya fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ya canza wayar wuta, ya gwada wani soket, ya cire igiyar allo ya hura ya mayar. Tit-tit-tit. Ya ja tsaki a hankali, ya jawo akwatin fili, ya kwantar da shi, ya kwance murfin gefe.

Ƙamshi ne ya fara fitowa. Ya cika ɗan ofishin, ya danne warin kwali da na gam. Salamatou ta dafa tebur. Turaren wutarta ne, wanda take haɗawa da hannunta da sandal da hawi, Nafiou ya zuba a kasko kowace safiya ya tura ƙarƙashin tebur don rigarsa ta kama. Shekara da shekaru kwamfutar tana shaƙa tare da shi.

"Kai!" in ji Bernard. "Wannan ai ba ƙura ba ce, alewa ce."

Cikin akwatin ya yi baƙi, ya yi danƙo. Fankar da ke sanyaya injin ta daskare, ya tura ta da yatsa ta ƙi motsi.

"Hayaƙin turare ne ya riƙe ta. Tana tafiya ne kawai don ba ta taɓa tsayawa ba. Da ta tsaya ta huce, khalas, komai ya kama."

"Kenan ni na kashe ta."

"A'a, Maman Ramlat, ba haka na ce ba. Miƙo min tsohon buroshi in akwai."

Na Nafiou ta samu a aljihun tebur, wanda yake goge takalmi da shi. Bernard ya yi ta kankara yana zubawa a kan jarida. Ya zare wasu siraran alluna guda biyu, ya ce su ne ram, in ƙafafunsu suka yi datti kwamfuta ba ta san kanta ba. Ya goge su da abin goge rubutun fensir har suka yi haske. Wayarsa ta yi ƙara, ya maƙale ta a kafaɗa.

"Yes, boss. Shwaiya, shwaiya, ina zuwa." Ya kashe, ya share gumi da hannun riga. An riga an cire na'urar sanyaya ɗakin, zafin azahar yana shigowa ta gilashi kamar an buɗe tanda.

Salamatou ta zauna a kan kwali. Ƙafafunta sun kumbura da zirga-zirgar ofisoshi, bayanta yana ciwo, ga kayan gida ko rabi ba ta ɗaure ba. Gajiya ce irin wadda ko kuka ba ta bari a yi. Ta ji kunyar mutumin nan da ta hana shi cin abinci, ta tura masa ledar dabino, ya ɗauki ɗaya ya jefa a baki bai ɗago ba.

Ya mayar da komai, ya danna. Fankar ta yi rawa, ta juya sau ɗaya, ta tsaya. Tit-tit-tit.

"Bon," ta ce. "Ka bar shi. Allah bai yi ba."

"Tsaya tukuna. Ɗaya daga cikin ram ɗin nan nake zargi."

Ya zare ɗaya ya ajiye, ya bar ɗayan. Ya ɗiga wa fankar ɗan mai, ya juya ta da bakin sukuddireba, ya danna maɓallin a lokaci guda. Fankar ta yi tari, ta kama. Tit, sau ɗaya tak. Wasu fararen rubutu suka bayyana a allon, suka wuce, sai ga shuɗin haske.

Salamatou ta miƙe ba ta san ta miƙe ba.

"Kar ki taɓa teburin," Bernard ya ce da sauri. Ya soka filashin da za a juye hotunan a ciki, ya ɗauki murfin kwali yana yi wa cikin akwatin fifita. "Wannan tashin ba lallai ta sake yin wani ba. Nemo wurin, mu kwashe, sannan ki kalla."

Ta wuce hotunan kwantena, ta wuce tayoyi da injina da buhuna, har ta ga inda aka rubuta Gida. Bernard ya sa su juyewa, ya matsa gefe ya juya baya yana ci gaba da fifita, don ya san abin da bai kamata ya gani ba.

Ta buɗe na farko. Ita ce a kicin, tana tuƙa tuwo, ba ta san ana ɗauka ba. Na biyu ita ce da ciki, tana jayayya da mai kifi a kasuwa. Ga Ramlat ranar suna. Ga Ramlat tana rarrafe. Ga Salamatou tana barci a motar haya baki buɗe, abin da da ta gani a lokacin da sai an yi rigima. Ga ta a tsugune tana haɗa turare. Ta yi ta dannawa, da farko a hankali, daga baya da sauri. Ita, Ramlat, ita, Ramlat. Ta kai ƙarshe ta dawo farko. Ko gefen kunnensa babu.

"An samu?" Bernard ya tambaya bai juyo ba.

Haushin Nafiou ya kama ta, haushi sosai, irin wanda ake ji da mai rai. Duk muna ciki, wai. Ta danna abu na ƙarshe da ya rage, wani ɗan bidiyo.

Bakin teku ne da yamma. Ramlat tana tsaye a kan yashi tana tangaɗi, Salamatou tana bayanta da hannuwa a buɗe. Daga ƙasan hoton wata doguwar inuwa ta miƙe har ƙafar yarinyar. Sai murya ta fito daga ƙananan lasifikan da ke kan tebur.

"Taho, taho, 'yar Baba. Sake ta, Salamatou, za ta iya. Voilà! Taho!"

Da dariyarsa, mai ɗan shaƙewa a ƙarshe.

Fifitar Bernard ta tsaya, sannan ta ci gaba.

Ramlat ta farka a kan atamfar. Ta zo tana murza ido, ta rarumi zanin uwarta ta hau cinya, ta ƙura wa allon ido.

"Ga Mama," ta ce. "Ga ni." Ta karkata kai tana saurare, ta leƙa bayan allon, ta dubi ƙofa. "Wa ke kirana?"

"Babanki ne."

"Ina yake?"

Salamatou ta dubi inuwar da ke kan yashi. Ta tuna kanta a kicin, a kasuwa, a motar haya, duk inda idonsa ya bi ta ba ta sani ba.

"Shi ke riƙe da wayar," ta ce.

Bidiyon ya ƙare. Bernard ya zare filashin ya ajiye mata a gefen hannu. Wayarsa ta sake ƙara, ya dube ta, ya mayar aljihu.

"A sake," in ji Ramlat.

Kwalaye suna nan ba a ɗaure ba, mai gidan yana jiran makulli kafin la'asar. Salamatou ta gyara wa yarinyar zama, ta sake dannawa.