Garmar Baba Maharazu

"Sake dannawa," in ji Baba Maharazu.

Na sake danna maɓallin. Wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashin kujerar babur ɗin, amma garmar ba ta motsa ba. Tana nan kwance, bakinta cikin taɓo.

Ban taɓa tsayawa kusa da shi haka ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu a Gwammaja, amma tun tasowata gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma kaina a sunkuye. Ranar ma Innata ce ta aiko ni in ji ko zai fito da Kwaɗo. Ruwan jiya ya kwaso yashin ginin wani maƙwabci da ledoji da bola ya jibge a bakin lungunmu, ya toshe hanyar kwalbati. Samari sun gwada da shebur da safe, suka gaji suka tafi kasuwa. Ruwa ya kwanta a gindin ɗakin Inna, ɗakin kuwa na ƙasa ne, tun bara ya tsage. Ga hadari yana haɗowa daga gabas. Idan aka sake yin ruwa kafin a buɗe hanya, ɗakin ba zai kai gobe ba.

Kwaɗo shi ne sunan da yara suka sa wa babur ɗinsa mai ƙafa huɗu. A wurin 'yan gwanjo ya saye shi lokacin yana kanikanci, da faffaɗar garmar ƙarfe a gaba. Mai sayarwar ya ce a ƙasar da aka kawo shi ƙanƙara yake turewa daga kan hanya. Baba ya ce mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da taɓo. Duk damina shi yake share lungunan da mota ba ta iya shiga. Abin da ke ɗaga garmar ya sauke ta wani ɗan inji ne mai naɗe igiyar ƙarfe, winci ake ce masa. Shi ne ya ƙi aiki ranar.

Baba kansa ba lafiya gare shi ba. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashinsa sama-sama, likita ya hana shi sunkuyo. Ɗansa Mikail yana Legas yana tuƙin babbar mota. Da ƙyar ya fito da babur ɗin daga rumfa da baya, garmar na jan ƙasa, sannan ya zauna a benci. Ya dubi hannuwana ya tambaye ni sana'ata. Na ce ɗinkin hula.

"To mai zura zare a allura ba za ta kasa ɗaure noti ba. Ɗaura hijabin nan a ƙugu, 'yar Dije, yau ke ce hannuna."

Kunya ta kama ni kamar in nutse, amma da na tuna tsagar ɗakin Inna sai na durƙusa.

Ya sa na zaro fis, ɗan abin da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, na ɗaga shi ga haske. Lafiyarsa lau. Ya sa na kankare kan batir har ya yi fari, muka danna, ƙas ɗin nan dai. Sai ya nuna mini wani baƙin akwati ƙarami mai kawuna na tagulla, ya ce ko dai shi ne yake hana wuta wucewa, ko kuma wincin ne ya mutu, yanzu za mu gane. Ya ba ni sifana ya ce in haɗa kawuna biyu da ita, kada in ji tsoro. Ina taɓawa wuta ta yi tartsatsi, na yar da sifanar na faɗi zaune. Yaran da suka kewaye mu suka fashe da dariya, shi ma ya yi har da tari. Amma wincin ko gurnani bai yi ba.

Ya ce in kai hancina jikin wincin. Wari ne kamar na gashin da ya ƙone.

"Shi ke nan, ruwa ya shige shi ya ƙone. Akwatin ba shi da laifi."

Na ce ko a aika kasuwar Ƙofar Ruwa a nemo wani. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce kafin a je a dawo an gama ruwan, kuma ba lallai a samu ba. Daga nan ya juya yana kallon zauren gidansa. Matarsa Iya Uwa tana tsaye a can da kofin maganinsa.

"Malam, kada ma ka fara," ta ce.

Ashe winci biyu ya saya tun farko. Da kafaɗarta ta fara ciwo sai ya kafa ɗayan a kan rijiyar tsakar gidansu, ya haɗa masa batirin sola. Iya Uwa tana danna maɓalli guga yana hawowa da kansa. Babu matar da ba ta zo kallo ba a unguwar nan, ita kuwa babu baƙon da ba ta nuna wa ba.

Ta tuna masa cewa da bakinsa ya ce ko gidan za a sayar ba za a taɓa wannan ba. Ya ce aro ne, gobe zai mayar mata da hannunsa.

"Da wane hannun? Wanda ko buta sai an ɗaga masa?"

Ta taka ta leƙa gindin katangarmu, ta ga inda ƙasa take zubowa cikin ruwa. Ta dawo ta dangwara masa kofin a hannu.

"Shanye. Ke kuma Baraka, taho da sifanar, ni na san inda notikan suke."

Muka kwance wincin daga bakin rijiya, tana riƙe ina juyawa, tana ta yi wa Baba faɗa kamar yana jin ta. A cikin daro muka ɗauko shi, kowa da gefe guda. Iska ta riga ta taso, ledoji suna ta shawagi. Na cire mataccen, na zaunar da na rijiya a gurbinsa, sai ga ramukan sun yi daidai. Baba yana faɗa ina yi. Jar waya nan, baƙa can, ƙara matsewa. Hannuna ya yi baƙi ƙirin, hijabina ya sha mai, ban ma kula ba. Mata sun cika ƙofofin gidaje, Inna tana cikinsu tana ta addu'a.

Na maƙala ƙugiyar igiyar a garmar, na danna maɓallin ɗagawa. Wincin ya yi gurnani mai daɗi, amma maimakon ya ja, sai ya shiga sako igiya tana taruwa a ƙasa.

"A rijiya ya girma, sauka ya fara koya," in ji Baba, yana share hawayen dariya. Ya ce in musanya wayoyin nan biyu.

Na musanya da sauri, domin ɗigon ruwa na farko ya riga ya faɗo mini a wuya. Na danna. Igiya ta miƙe, ta yi tauri, garmar ta ɓalle daga taɓo ta tashi sama.

"Ta tashi, Baba, ta tashi!"

Sai da na ji amon muryata a lungun na gane ni ce na yi ihun. Iya Uwa ta rangaɗa guɗa, yara suka hau tsalle.

Ya ce in sauke ta in sake ɗagawa. Ya ce in riƙe abu ɗaya, garma ba ta kwana a rataye, nauyinta yana gajiyar da igiya. In an gama aiki a sauke ta ta huta.

Iya Uwa ta hana shi hawa, amma babu wanda ya iya tuƙin sai shi. Muka kama shi ya hau. Yana zama a kai sai ya koma kamar saurayi. Ya sauke garma, ya tunkari tulin yashin, ya tura, ya ɗaga, ya ja da baya, ya sake tunkara. Yara suna binsa suna kiran Kwaɗo. Can sai muka ji kwalbati ya yi ƙugi, ruwan da ke gindin ɗakin Inna ya fara tafiya, yana janye ledoji. Daidai nan sama ta ɓalle. Ya dawo sharkaf, bakinsa ya ƙi rufuwa. Da ya shiga rumfa sai ya kife a kan kan babur ɗin yana neman numfashi. Maza biyu suka ɗauke shi zuwa ciki.

Ruwan ranar ya fi na jiya, amma ta ƙofarmu ya wuce. Ɗakin Inna yana nan tsaye.

Baba bai sake fitowa ba. Da na kai masa kunu ya tambaye ni katangar, na ce lafiya. Ya ce da ya ji sauƙi zai koya mini tuƙi, in ga ƙarshen kunya. Ranar Alhamis da hantsi muka ji salati daga gidansu.

Ta lungun da ya share aka fita da shi, ba wanda ya tattare riga. Da na shiga yi wa Iya Uwa gaisuwa na tarar da ita a bakin rijiya tana jan guga da hannu. Na karɓa, na ce zan kwance wincin in mayar mata. Ta ce a bar shi inda ya sa shi, damina ba ta ƙare ba.

Da na fito, maza sun cika ƙofar gida a kan tabarmi. Ta bayansu na hango Kwaɗo a cikin rumfa, garmar tana rataye tun ranar ruwan, taɓon jikinta ya bushe. Na tsaya a zaure na daɗe. Sannan na cire takalmi, na yi sallama, na ratsa ta gefensu. Makullin yana jiki. Na murɗa, na danna maɓallin a hankali, har bakin garmar ya taɓa ƙasa.