Tagar da Ba a Shafa wa Toka Ba

"Ɗago kai ka kalle ni, Ntate Rampai, ba waƙa na zo yi maka ba," in ji Mphuthi. Ntate shi ne baba a yarenmu. Yana tsaye a bakin ƙofa, ya toshe hanci da hankici, makullin a-kori-kurarsa na lilo a yatsa. "An ce za a kai ka asibiti. To, ka sani asibiti ba ya yafe bashi."

Ina zaune a kan gwangwanin fenti kusa da gado, riƙe da kwanon da Rampai ke tofa kaki. Tare muka shiga ramin zinariya a nan Welkom muna samari, tare aka sallame mu, katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu a unguwar Thabong. Ni na fito da gurguwar gwiwa, shi ya fito da ƙurar dutse a huhu.

Sai da tarin ya sake shi sannan ya ce, "Katin yana hannunka, ɗana. Lambar ma ka fi ni saninta. Me kuma ka zo nema, bargon?"

"Wannan bargon ko kare ba zai kwanta a kai ba." Mphuthi ya dubi Sebolelo, 'yar Rampai, wadda ke haɗa kaya a jaka. "Ke kuma, in ya cika, ki zo da kuɗi ki karɓi katin shaidarsa. In ba haka ba, ba jana'iza, ya yi ta kwana a firij na asibiti."

Mashonisa ne Mphuthi, mai ba da bashi da ruwa. Rampai ya ranci kuɗi a wurinsa ne don ya kafa dutse a kabarin matarsa, a yanka saniya a buɗe shi kamar yadda kowa ke yi. Jingina kuwa katin kuɗin tsofaffi da gwamnati ke biya, da katin shaida. Duk ranar biya Mphuthi ya cire kuɗin, ya ɗebi nasa, ya miƙo wa tsoho abin da ba zai sayi garin masara da kananzir ba. Kafin tsakiyar wata sai a koma rance. An biya uwar kuɗin har an manta adadi, bashin kuwa sai ƙiba yake yi.

Sebolelo ta taɓa zuwa ofishin kare masu bashi a cikin gari. Wata mata a can ta ce mata doka ta hana kowa riƙe katin wani saboda bashi, kuma ruwa yana da iyaka. Amma sai wani ya sa sunansa a ƙara, sai kuma an kama katunan a hannunsa. Wa zai sa suna? Wanda ya gwada a layin bayanmu, kajinsa aka fara ƙonawa. Kuma kowa ya san wata mai zuwa ma zai buƙaci Mphuthi.

Da ƙarar motarsa ta yi nisa, Rampai ya damƙi hannuna. Ban san akwai sauran ƙarfi haka a jikinsa ba.

"Letsoela, yaushe ne biya?"

"Talata."

"Ba zan kai ba." Ya yi wani murmushi, irin wanda yake yi da in ya ga farin shugaban rami ya zame a laka. "Mai rai ke tsoron Mphuthi. Gawa ba ta da kaji. In na tafi, kada ku shafa toka sai ya cire kuɗin."

"Ntate!" Sebolelo ta saki jakar. "Me kake faɗa haka?"

"Yi shiru, 'yata. Ka gane, Letsoela?"

Na gane sarai. A wurinmu toka a taga ita ce sanarwar an yi mutuwa a gida. Ban wuce aji uku ba, amma na zauna da duniya. Wanda ya ci kuɗin talaka, tara za a ci shi ya biya da kuɗin wani talakan. Wanda ya ci kuɗin gwamnati da sunan gawa, wannan kuma wata magana ce.

Ranar Asabar da hantsi ya cika a asibiti. Ni da Sebolelo kaɗai ke wurin. Likita ya rubuta takardar shaidar mutuwa, na ninke ta na sa a aljihun ciki. Muka shiga motar haya muka dawo.

Muna shiga gida ta nufi murhu, ta ɗebo toka a kwano ta zuba ruwa. Na tare ƙofa.

"Ntate Letsoela, matsa."

"Ba yau ba."

"Ubana ne fa! Yana can a kwance, ba kyandir, ba katifa a ƙasa, ba wanda ya zo ya yi masa waƙa ɗaya. Kamar baƙon da mota ta buge!"

"Shi ya zaɓa."

"Zazzaɓi ne ya yi magana, ba shi ba."

"Na san zazzaɓi, na san Rampai. Ki shafa tokar nan, kafin rana ta faɗi Mphuthi ya gani. Zai ajiye katin kuɗin, ya riƙe na shaidar, ya jira ki kawo masa kuɗin da ƙungiyar jana'iza za ta ba ki. Da me za ki sayi akwati? Da kwalin tumatir?"

Ta kalle ni, ruwan tokar na ɗiga a siminti. Sannan ta tura kwanon ƙarƙashin tebur, ta cusa fuska a cikin bargon ubanta don kada maƙwabta su ji.

Ban ce abin ya yi daɗi ba. Ranar Lahadi matan coci suka leƙo ta katanga suna tambayar jikinsa, na ce musu yana asibiti, su yi addu'a. Wata ta kawo masa kunun dawa a kai masa. Ni na shanye shi.

Ranar Litinin a-kori-kura ta shigo layinmu a hankali. Ina zaune a ƙofa ina gyaran takalmi. Mphuthi bai kalle ni ba, tagogin Rampai ya kalla. Tas suke, har labulen ana gani.

"Tsohon naku yana da taurin rai," in ji shi.

"Je ka asibiti ka gaishe shi mana."

"Ni? In kwaso tari? Ka ce masa ya ƙara wata biyu, ina da biki a gaba." Ya yi dariya ya ja mota.

Da yamma na kai Sebolelo wurin matar ofishin. Ta karanta takardar likita, ta dube mu ta saman tabarau, ta ce, "Wa ya ba ku wannan shawarar?"

Na ce, "Mai ƙarar. Ga sunansa nan a takardar."

Ta ɗauki waya ta kira wani sajan.

Ranar biya layin tsofaffi ya miƙe daga na'urar cirar kuɗi har bakin shagon nama. Mphuthi ba ya bin layi. Ya zo da sabuwar hula, ya ture wata tsohuwa da kafaɗa, ya zaro katunan daga aljihun riga, dami guda ɗaure da roba, kowanne da lambarsa a rubuce a kan filasta. Ina gefe ina cin lemo. Na bar shi ya sa na farko, ya sa na biyu. Na san katin Rampai, gefensa ya ƙone da taba. Na ga ya shiga, na ga kuɗi sun fito, na ga ya lashi yatsa. Sai na cire hulata, alamar da muka shirya da sajan.

Sajan ya dafa kafaɗarsa. "Katin wa ke nan?"

"Na kawuna ne. Ba shi da lafiya, shi ya aiko ni."

"Yaushe ya aiko ka?"

"Jiya-jiyan nan."

Na matso na miƙa takardar. "Jiya? Lallai kai babban mutum ne, Mphuthi. Mu tun Asabar bai ƙara ce mana komai ba."

Ya karanta. Ya sake karantawa. "Ƙarya ne! Na ga tagogin da idona! Ba toka!"

"Akwai toka," na ce. "Tana ƙarƙashin tebur tana jiran ka."

Da ankwa ta yi ƙara, tsohuwar da ya ture ta rangaɗa guɗa. Na bi su har bakin mota, gwiwata ko ciwo. Na sunkuya na ce masa, "Ya ce in gaya maka ka riƙe canjin." Rampai bai faɗi haka ba, amma na san da ya so.

Ba kowa ne ya gode ba. Wani dattijo ya ja rigata ya ce, "To, mai wayo, ranar ashirin ga wata kai za ka ranta mana?" Na zare rigata na wuce. Ƙanwar Rampai kuwa da ta iso daga Ficksburg ta ji yadda aka yi, ta ce mun wulaƙanta ɗan'uwanta, har yau ba ta amsa gaisuwata. Mphuthi yana can, an hana shi beli saboda yawan katunan. Abin da alƙali zai yi, ban sani ba.

Da la'asar ɗin ranar da aka kama shi matar ofishin ta kawo katin shaidar da kanta. Muka fitar da gadon, muka sauke katifa ƙasa, muka shimfiɗa bargon. Sebolelo ta kunna kyandir, ta jingina katin a gindinsa, hoton Rampai yana saurayi da gashi cike da kai.

Sannan ta jawo kwanon. Tokar ta bushe ta tsage, sai da ta ƙara ruwa ta dama da yatsu. Ta fita ta fara da tagar ɗakinsa, tana shafawa daga sama zuwa ƙasa, a hankali, kamar tana wanke masa fuska. A tsallaken layi wata mata ta ajiye bokitinta, ta ja mayafi ta rufe kai.