Ƙwan da Ya Daɗe Yana Jira

...to in rabi ne, ɗaya rabin ina ya tafi? Abin da na manta ban tambayi Ramata ba ke nan, Inna. Ramata sajfam, 'yar siririyar ungozomar nan ta matarnite, asibitin haihuwa, wadda ta zana mini abin a tafin hannu da alƙalamin bik wancan zuwan. Na wanke hannu, zanen ya fita, maganar ta ƙi fita. Yau ga ni kan dakali ina jiran a kira ni eko, a duba ko abin da ke cikina lafiya yake. Shekara arba'in da ɗaya, cikin fari. Da kina raye sai kin yi dariya kafin ki yi kuka.

Arba'in da shida, in ji Ramata. Kromozom. Wasu 'yan zaruruwa cikin kowace ƙwayar jikin mutum, biyu-biyu suke zaune. Na ce kamar takalman da mai gidana Illiya ke ɗinkawa in jera masa? Ta ce yauwa. Wari daga uwa, wari daga uba. Amma ƙwan mace ba ya kwasar ƙafa biyu, wari ɗai-ɗai yake ɗauka, ashirin da uku — na namiji ma haka — in sun haɗu sai a cika. Meyoz, sunan rabon ke nan. Ikon Allah... ashe ban ba ɗan nan kaina duka ba. To wane rabin? Wushiryarki tana ciki? Ko faffaɗan kunnen nan na Baba, wanda yaya Inoussa ya kwashe?

Kuma wai kafin su rabu sai sun rungumi juna sun yi musaya. Warin da na gada wurinki da wanda na gada wurin Baba, wannan ya ba da maɗauri, wancan ya ba da dunduniya. Ke da Baba! Ku da kuka yi sati ba ku magana don akuya ta cinye albasar Tabelot, kowa ya ce ɗaya ne ya bar ƙofa. Ashe a cikina kun shirya tuntuni. Shi ya sa ba ƙwai biyu iri ɗaya. Shi ya sa jar akuyar nan ta haifi baƙi da roɗi-roɗi rana ɗaya, bunsuru ɗaya, kika ce wai kare ta kalla da ciki. Ba kare ba ne, Inna. Raƙuma ma haka, tumaki, kaji... har ƙudan nan da ya dame ni? Shi ma rabi-rabi aka haɗa shi?

Yarinyar da ke zaune kusa da ni tana cin dabino, cikinta ya fi nawa, a haife na haife ta. Furfurar goshina take kallo. Kalla, 'yar nan, kalla da kyau.

Ƙwan Illiya sabo ne kullum, in ji Ramata, jikin namiji ba ya daina yi. Shi ko a jikinsa, yana can yana huda fata. Nawa ne tsoho. Kuma a tsohon ƙwai wani sa'in warin biyu sukan manne, su ƙi rabuwa, su shiga tare — sai yaro ya zo da arba'in da bakwai. Ɗaya tak ya ƙaru. Ɗaya! Ni da na ɗauka rashi kaɗai ke cutarwa. Lailatu ta bayan babban masallaci, mai gaida kowa tana dariya, wadda ke kama hannunki ta raka ki har ƙofa... irinta ke nan. Ina son Lailatu, wallahi ina sonta. Amma na ga uwarta ta tsufa, na ji abin da take tambaya: in na mutu wa zai riƙe ta? Tsoro nake ji, Inna, na faɗa. Ramata ta ce yawanci lafiya ake samu, eko ma alama kawai take nunawa. Yawanci... ni ina cikinsu?

Me ke sa su manne? Gajiya? Ko sabo ne, sun daɗe tare? Tsoho ma tun yaushe... ta faɗa fa. Ta ce ɗiya mace da ƙwanta ake haihuwarta, duka. Tun tana cikin uwa suke soma rabon, su yi musayar, sai su tsaya cak a tsakiya su yi ta jira. Ina rarrafe, yana jira. Ina tallan gishirin Teguidda a tsohuwar kasuwa, yana jira. Shekarun nan na yawon magani, ke gaba ni baya, sassaƙe, rubutu, Damagaram, Yamai — yana nan zaune yana jira.

Ɗakinki, bara, hannunki ba nauyi cikin nawa, kika ce: "Haoua, na ɗauki 'ya'yan kowa, naki ne ban ɗauka ba." Na gyara miki mayafi. Ƙasar kabarinki ba ta gama kwanciya ba na yi ɓatan wata. Na yi fushi, Allah ya yafe mini, na ce wannan wace irin makara ce.

Tsaya... tun tana cikin uwa. Cikin uwa — cikinki ke nan. Ina cikinki, shi yana cikina. Kina daka da mu biyu, kina ɗauko tulu da mu biyu, kina ruku'u... Rabinsa dai. Rabin nan da nake jin tsoro, ko ya rabu daidai ko bai rabu ba, a jikinki ya soma, tuwon da kika ci ne ya gina shi.

"Haoua Issouf!" Ramata ce a bakin ƙofa.

Na'am, ina zuwa... ƙafata ta mutu kan dakalin nan. Inna, kin ɗauke shi. Kin ma riga ni ɗaukarsa, kuma ba wanda ya faɗa miki — ni ma ban sani ba, ina zaune, ina ta gyara miki mayafi...