Gindin Randa

"Ɗaga haɓa kaɗan. Kada ka ƙyafta."

Umarnin da ya rage wa Jelani ke nan a duniya, shi da a dā in ya ɗaga hannu gari guda ke yin tsit. Duk ranar kasuwar Goronyo yakan rataya shuɗin ƙyalle a bangon wani shagon taki, ya ajiye benci, ya yi ta ɗaukar hoton fasfo ga manoman rani masu neman katin ƙungiya. Warin albasa ya kama rigarsa har sabulu ya sallama. Yara matasa sun san shi da Mai Hoto, kuma bai taɓa gyara musu ba.

Mutumin da ke kan benci bai ɗaga haɓar ba. Magidanci ne, ƙafafunsa duk faso, hularsa ta sha rana.

"Ba hoto nika so ba, Malam. Ni na Lawwali, ɗan Maiturare na Tungar Yari."

Jelani ya sauke kyamara a hankali. Shekara ashirin da ɗoriya rabon da wani ya ambaci sunan nan a gabansa.

A zamanin da ake gina dam, Jelani ne babban darakta a sashen majigi na gwamnati. Danginsa na Wurno malamai ne tun kaka da kakanni, ba su taɓa ɗaukar aikin nasa a bakin komai ba, amma in motar majigi ta shigo gari har su sukan leƙo ta kan katanga. An tura shi ya ɗauko fim na murna: manyan motoci na kwasar ƙasa, injiniyoyi na nuna taswira, manoma na washe baki. Ya ɗauko duk wannan. Laifinsa shi ne bai kashe kyamara ba da ya isa Tungar Yari, ƙauyen da ruwa zai ci. Ya tarar da Maiturare zaune a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, ya tambaye shi ko yana murna. Maiturare ya ce gona an ce za a ba su wata, to kaburburan iyayensu fa, su ma za a ba su wasu?

Sau ɗaya tak aka haska fim ɗin, a ɗakin taro, gaban manya. Ba wanda ya yi faɗa. Wani ne kawai ya tambayi sunan dattijon da sunan ƙauyensa. Kafin mako ya zagayo an tafi da Maiturare, ya dawo da tari, bai ga damina biyu ba. An ƙone fim ɗin a bayan ofis, aka tsare Jelani 'yan watanni, aka sake shi ba tare da takardar kora ba, ba kuma ta komawa aiki. Daga nan duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa sai a ba shi kujera da ruwan sanyi, a ce masa a raɗa, "Ka san sunanka yana sama." Ko da harkar fim ɗin kaset ta buɗe, wani ya ɗauke shi aiki da safe, aka bugo waya da rana, ya sallame shi kafin la'asar.

"Inna ta ce in taho," in ji Lawwali. "Ta tsuhwa ƙwarai. Ta ce huskar Baba ta ɓace mata. Tana tuna tahiyatai, tana tuna tarinai, amma huska ta ƙiya. Baba bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba in ba kai ba. An ce kana da wani ajiye."

Jelani ya dubi hagu da dama, abin da ya zame masa jiki, ko da yake waɗanda yake tsoron rabinsu sun mutu, rabin kuma sun zama dattawan masallaci.

"Akwai," ya ce. "Ko babu na'ura, ina iya hidda huska guda daga ciki in wanke mata. Ka ce mata jibi ina tahe."

Gaskiya ne akwai. Kwana biyu kafin a zo kama shi ya kawo kwafi guda gida cikin faffaɗan gwangwani, ya damƙa wa matarsa Bara'atu. Abu biyu ya faɗa mata: zafi ne ajalin fim, ta nema masa wuri mai sanyi, kuma kada ta gaya masa inda ta sa shi, don in an matsa masa kada bakinsa ya suɓuce. Ta sa gwangwanin a ƙasan kwandon albasa ta kawo shi gidan gado a Wurno. Da ya fito bai tambaya ba, saboda tsoro. Da tsoro ya wuce bai tambaya ba, saboda kunya. Mutum ne da ya iya kallon komai ta cikin gilashi, amma ya kasa zuwa gaisuwar mutuwar Maiturare.

Da la'asar ya koma gida Wurno, ya iske ta tana tankaɗe.

"Bara'atu, ajiyar nan. Yau na tambaya."

Ta ajiye rariya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta yi murmushi irin wanda ya manta tana da shi. Ta karkaɗe zane, ta wuce inuwar darbejiya inda babbar randarsu take zaune a kan tulin yashi. Ta kwashe ruwan ciki, su biyu suka mirgina randar gefe. Yashin ƙarƙashi baƙi ne, jiƙe, har da ɗan gansakuka.

"Duk gidan ga ba inda ya kai nan sanyi," ta ce, tana tonawa da hannu. "Ko watan bazara. Kullum sahe sai na yayyahwa mai ruwa. Ran da niy yi jinya, ɗiyarmu Kyauta nis sa ta zuba, ta ɗauka randa nika lele."

Jelani ya dubi jiƙaƙƙen yashin. Ya riga ya sani tun kafin yatsunta su taɓa ledar da ta naɗe gwangwanin da ita. Shekara da shekaru yana shan ruwan randar nan, yana yaba sanyinsa.

Tsatsa ta cinye gindin gwangwanin. Da ya ɓamɓare murfin sai wani tsami ya buso, kamar na kunun da ya kwana. Naɗin fim ɗin ya manne ya zama curi guda. Ya kama bakin zaren fim ɗin ya ja, ya ɗaga shi sama wajen rana, babu komai sai dabbare-dabbare masu ruwan ƙasa. Ya shafa da babban yatsa, hoton ya biyo yatsan kamar laka.

Bara'atu tana durƙushe, hannayenta duk yashi.

"Mi ya hwaru?"

"Tsuhwa ta, Bara'atu. Fim ba ya daɗewa."

Ta dubi yatsansa, ta dubi ramin da ruwa ya fara taruwa a ciki. Ba yarinya ba ce.

"Sanyi kac ce," ta faɗa, murya ƙasa-ƙasa.

"Sanyi nic ce. Ban ce miki komi ba game da laima."

Ta miƙe ta shiga ɗaki. Bai bi ta ba. Baƙin cikinsa kashi biyu ne, kuma na matar nan da ta yi ta shayar da ajiyarsa da zuciya ɗaya ya fi yi masa ciwo.

Washegari bai fita ba. Ya shimfiɗa tabarma ya yi ta warware naɗin taku-taku, yana duba kowane gidan hoto da gilashinsa. Motocin kwasar ƙasa sun narke, injiniyoyi sun narke, Maiturare ma haka. Sai can a tsakiya, inda naɗin ya fi matsewa laima ba ta ratsa sosai ba, ya sami abin da bai fi kamu ɗaya ba da ya tsira. Ƙarshen fim ɗin ne, wanda ya koma ya ɗauka bayan an rufe ƙofofin dam: ruwa shimfiɗe har iyakar gani, da kan wata bishiya yana leƙowa.

Ya yanke shi da reza ya naɗe a hankici.

Sabon matsugunin mutanen Tungar Yari yana kan tudu, ƙasa mai tsakuwa, gidaje a jere kamar bariki. Daga can ana hango koren fadamun albasa a gefen magudanar ruwa. Lawwali ya yi masa iso. Inna Kulu tana zaune a kan tabarma a bakin ɗaki, ta sa sabon kallabi, ta shafa kwalli. Jelani ya gane don wa aka yi kwalliyar, sai da ya dafa bango kafin ya durƙusa.

Suka gaisa. Ya yi mata gaisuwar da ya kamata ya yi tun yana da baƙin gashi, ta amsa kamar jiya aka yi rasuwar. Sannan ya gaya mata gaskiya, bai ambaci sunan matarsa ba. Ya ce an ajiye a wuri mai laima, ruwa ya shiga.

"Ruwa," ta ce. Ta jinjina kai. "Nan ma ya iske shi ke nan."

Ya miƙa mata guntun zaren, ya nuna mata yadda za ta ɗaga shi wajen haske. Ta matso da shi dab da ido ta daɗe.

"Tsamiyar ƙohwar gidanmu ta. Ga reshen da aradu ta tsage." Ta sauke hannu. "To kai da kag gane shi ta cikin gilashi, hwaɗa man. Yaya huskatai take?"

Jelani ya rufe ido. Ya tuna rana tana hagu, hantsi bai yi zafi ba. Ya tuna ya matsar da kyamara don inuwar ganye kada ta faɗa a goshi. Ya tuna nisan da ya tsaya, da ƙarar na'ura, da kazar da ta gifta ta baya. Duk ya tuna. Fuskar ce ba ta zo ba.

Ya buɗe ido sai ya ga Lawwali a tsugune, furfura ta fara fito masa a gemu, shekarunsa sun kai na mahaifinsa a wancan lokacin. Jelani ya miƙe ya jawo turmi ya kifa, ya zaunar da Lawwali a kai, ya juya shi har rana ta koma hagunsa. Ya gyara masa hula ta karkata, ya ɗora masa hannu a gwiwa, ya ja da baya.

"Ɗaga haɓa kaɗan. Kada ka ƙyafta. Inna, duba nan."

Inna Kulu ta kare ido da tafin hannu, ta dubi ɗanta tun daga hula har gemu, a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Lawwali bai motsa ba, hawaye na bin kumatunsa.

"A'a," ta ce. "Wanga ni ya biyo."

Ta naɗe guntun fim ɗin ta ƙulle a bakin zanenta.

"An gode, Malam. Ka gaishe da mutanen gida. Lawwali, kawo mai ruwa ya sha, ya yi tahiya."