Awa Ɗaya da Minti Goma

Tun ƙarfe bakwai Mama ta gama shiri ta zauna a bakin gado, jaka a cinya. Shi kuwa Baban Auta yana tsakar gida da bokiti, yana wanke tayoyin mota ɗaya bayan ɗaya, har da waƙarsa.

Autarsu ce za ta ratso ta garin da jaririnta ɗan wata bakwai, jikan da Mama ba ta taɓa ɗauka ba. Jirginsu zai tashi ƙarfe takwas, ya sauka tara da minti goma, su jira awa biyu, su hau wani zuwa ƙasar da mijinta yake aiki. Sai bayan shekara uku kuma. Daga gida zuwa filin jirgi kuwa tafiyar awa ɗaya da rabi ce, in hanya ta yi kyau.

Mama ta faɗa, ta sake faɗa. A karo na uku ta kai masa wayar har hanci, don ya ga saƙon da idonsa.

Ko kallo bai yi ba. Shekara talatin ya yi yana jan babbar mota tsakanin garin da Auta za ta taso da garin nan nasu, ya san kowace gada da kowane rami. Kilomita ɗari tara, awa goma sha huɗu, in ba a yi faci ba. A ce ma jirgi ya ninka mota uku a gudu, kusan awa biyar ke nan, ban da lodi. Jirgi na biyun kuma dole ya jira, don babu direban da yake tashi bai cika ba. Masu yankan tikiti dai, in ji shi, duk bakinsu ɗaya.

"Baban Auta, sama fa babu rami."

"Kin taɓa zuwa ne?"

Ta haɗiye maganar da ta zo mata, don in ta fito, ba tafiya yau.

Tara da kwata, yana tsaka da shan shayi, waya ta yi ƙara. Auta ce. Sun sauka, tana tambaya ta wace ƙofa suke tsaye.

Ranar Mama ta ga gudun da ba ta taɓa gani ba, har suka faɗa cunkoson bakin kasuwa. Minti arba'in suna bayan wata motar siminti. 

Da suka iso, mai gadin ƙofa ya ce fasinjoji sun riga sun shige, ba a fitowa. Ya dai nuna musu wani dogon gilashi. Can ciki Auta ta fita daga layi, ta matso, ta ɗago yaron da hannu biyu. Ƙato ne, tubarkalla, sai kallon fitilun rufi yake yi.

Baban Auta ya dubi agogonsa, ya yi lissafi da yatsu, ya girgiza kai.

"Wannan direban ganganci yake yi da 'ya'yan mutane."

Mama ba ta juyo ba. Tana ta ƙwanƙwasa gilashin da zobenta, ko yaron zai dubo.