Saƙon da ya iske Fifame a makare

Fifame ƙanwar matata ce. Ita ta nace sai ta bar sayar da atamfa a kasuwar Dantokpa ta koyi gina shafukan intanet a shagonmu na Kwatano. Kanta na ja, har na fara yi wa abokan aikina gori da ita.

Ina Paraku wajen wani aiki ta raba shirinta fayil biyu, na oda da na masu saye, kowanne yana kiran ɗan'uwansa kafin shi kansa ya gama tashi. Manhajar da muke gini a kanta ta cije, ta rubuto: "Ba a sami wannan suna ba." Ga sunan kuwa ɓaro-ɓaro a gabanta. Fifame ta goge, ta sake, ta bi haruffan da farce. Kunya ta hana ta tambayar kowa.

Da na dawo na tarar ta tattara kayanta.

"Fofo, na'ura ba ta ƙarya," in ji ta, don haka take kirana, wato yaya. "In ta ce babu, ni ce makauniya. Kan nan nawa na awon yadi ne kawai."

Na rantse mata laifin saƙon ne. Ta ce lallashi nake, irin na surukai.

Haushi ya sa na rubuta gyara na aika wa masu kula da manhajar, don saƙon ya riƙa faɗin gaskiya. Bayin Allah nan, 'yan sa-kai ne, amma sun iya jan magana! Wannan ya ce jimlar ta yi tsawo, wancan ya ce a jira fitowa ta gaba. Damina ta wuce muna gardama a kan waƙafi.

Ranar da suka karɓa, na hau zem, wato acaɓa, har rumfar da ta koma a Dantokpa, na buɗe kwamfutata a kan atamfofi, na maimaita kuskurenta. Allon ya ce: "Fayil ɗin oda yana jiran na masu saye, shi kuma yana jiran na oda. Raba su."

Sau ɗaya ta karanta.

"Sai a ciro abin da suke tarayya a kai, a sa shi a fayil na uku," ta faɗa a hankali. "Ashe dai ba ni ba ce?"

"Ba ke ba ce, ƙanwata. Ki dawo."

"Da me? Kuɗin kwamfutata ne waɗannan atamfofin da ka jingina taka a kai." Ta shafa atamfofin, idonta ya kawo ruwa. "Matsa, Fofo, kana tare mini masu saye."