Hoton da Ke Jikin Taga

Ayuba ya mutu bai bar hoto ba. Shekarunsa duka a masaƙar Kakuri ya yi su, har aka rufe ta bayan sojoji sun koma bariki. Daga nan jikinsa ya fara fizga, kafaɗa da hannu, kamar ana jansa da igiya. Haka mahaifinsa ya ƙare, ciwon na gado ne.

Kafin rasuwarsa wasu likitoci masu bincike sun kai shi Abuja tare da 'yarsa Irene, aka sa kowannensu cikin wata na'ura mai ƙara, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu. Likita ya ɗaga baƙar ledar hoton guda ɗaya, ya nuna wa Hadassah, matar Ayuba, inda tsakiyar ƙwaƙwalwar ta fara zaizayewa. Ya yi ta Turanci. Abin da ta kama kawai shi ne a dawo da mai wannan hoton.

Ba su koma ba. Da aka binne shi, ta liƙa ledar da likitan ya ba ta a gilashin taga. Idan rana ta bugo, kan yakan fito fari-fari, da ramuka biyu masu duhu a tsakiya. Takan gaishe shi da safe. Wani lokaci takan ji kamar kallonta yake yi, ta juya baya ta ci gaba da shara.

Wata Asabar da hantsi maƙwabciyarta Chioma, nas ce, ta shigo aron turmi. Ta tsaya gaban tagar, ta yi wasa cewa Baba ko a can bai daina sa ido ba. Sai ta matsa kusa, tana karanta ƙananan haruffan da ke gefe. Dariyar ta tsaya.

"Maman Irene, wa ya ce miki na Baba ne?"

Hadassah ta ce ai shi ne marar lafiyar.

"Sunan Irene ne a nan."

A tsakar gida Irene tana tankaɗe, tana rera waƙar coci. Watan gobe za a ɗaura mata aure. Hadassah ta riƙe zanin Chioma, ta roƙe ta kada ta ce komai tukuna. Sannan ta kira yarinyar.

Irene ta shigo da gari har gwiwar hannu.

"Miƙo hannayenki. Kar ki motsa."

"Mama, lafiya?"

Ta miƙa, tana murmushi. Matan biyu suka zuba ido. Hannayen suna nan shiru. Can sai ɗan gari ya zubo daga yatsun hagu.